AMSOSHIN WASIƘUNKU: Ruwan Lagireto Yana Ɓacewa, Salansa Tana Farin Hayaƙi

 Wasiƙarmu ta yau daga Argungu ta fito, daga wani mai sauraronmu da ke jigilar shinkafa daga fadama zuwa Birnin Kebbi da motarsa a-kori-kura mai shan man gas. Ya ce kullum safiya sai ya ƙara ruwa a lagireto, alhali bai taɓa ganin ɗigo a ƙasa ba, ga shi kuma salansa tana fitar da farin hayaƙi. Bakanike ya ce masa gaskit ne ya ƙone, sai an sauke kan inji. Yana tambaya, shin ya yarda?

To malam, mai yiwuwa gaskit ɗin ne. Amma kafin ka bari a kwance maka inji ana tsakar kaka, ka sa a duba wata 'yar na'ura da yawancin motocin gas na zamani ke da ita, watau na'urar sanyaya hayaƙi, wadda kanikawa ke kira kular EGR. Alamun lalacewarta da na gaskit kamar Hasan da Husaini suke, amma kuɗin gyaransu ba ɗaya ba ne.

Ga yadda take aiki. Ƙasashen Turai da Amurka sun sa doka a rage gubar da injin gas ke fitarwa. Sai masu ƙera motoci suka yi dabarar mayar da wani kaso na hayaƙin salansa cikin inji, domin ya rage zafin ƙunar mai. To amma hayaƙin nan wuta ne, yakan wuce digiri 500 in mota tana jan kaya. Saboda haka sai ya bi ta cikin waɗansu siraran bututun ƙarfe, ruwan lagireto yana zagaye su yana sanyaya shi. Tsakanin wutar da ruwan, ɗan ƙarfe ne marar kauri. Ranar da ya tsage, sai ruwa ya bi hanyar hayaƙi, ya shiga inji ko ya fita ta salansa a matsayin tururi. Shi ya sa ba ka ganin ɗigo a ƙasa.

Wannan ciwo ba a kanka aka fara ba. A Amurka, injin gas na Ford mai lita 6.0, na shekarun 2003 zuwa 2007, ya yi ƙaurin suna a kansa: datti yakan toshe hanyar ruwa, kular ta rasa ruwan sanyi, ta tsage. A 2019 kuma an janye a-kori-kura ƙirar Ram 1500 fiye da 100,000 a can domin gyara, saboda tsagewar kular tana iya tayar da gobara.

A nan gida kuwa, abubuwa huɗu ne suka fi kashe ta. Na farko ruwa. Direba ya tsaya bakin gulbi ko rijiya ya ɗura wa lagireto, ruwan nan kuwa da laka da gishirin ƙasa, sai tsatsa da ɓamɓaroki su toshe hanya. Na biyu zafi da lodi. A watan Afrilu da Mayu zafin rana a ƙasar Kabi yakan haura digiri 40, ga buhunan shinkafa ko albasar Aliero an jibga har sun wuce kan mota. Na uku man gas. Motocin nan da ake shigo da su daga Turai an ƙera su ne domin man da salfarsa, watau farar wuta, ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba, alhali shekaru da dama dokar Nijeriya ta yarda da har kashi 3,000. Sai a 2020 ƙungiyar ECOWAS ta tsayar da kashi 50. Salfa in ta haɗu da raɓa a cikin bututu, cin ƙarfe take yi. Na huɗu baƙin hayaƙi. Ƙurar hunturu ta toshe matatar iska, ko a bar inji yana ta aiki a tsaye a kasuwa, sai kunkunniya ta taru ta cushe bututun.

Yaya za a rarrabe? Ka ce wa bakanike ya kwance bawul ɗin EGR ya leƙa. In kunkunniyar a bushe take kamar garin gawayi, da sauƙi. In kuwa ta jiƙe ta yi danƙo kamar taɓo, to ruwa yana bi ta nan. Sa'an nan ya cire kular, ya toshe bakin ruwa ɗaya, ya hura iska ta ɗayan, ya tsoma ta cikin ruwa, kamar dai yadda mai faci ke neman huji a tif. In ta yi kumfa, an kama ɓarawo. In ba ta yi ba, sai a koma kan gaskit, musamman in man inji ya yi fari-fari kamar koko, ko kuwa tiyon lagireto yana kumbura da zarar an tayar da mota.

Abin da muke ja maka kunne a kai shi ne, kada ka ci gaba da ƙara ruwa kana tafiya. Ruwa ba ya matsuwa. In ya taru a cikin silinda da dare, da safe ka murza makulli, fistin ya buge shi, sai sandar fistin ta lanƙwashe, inji ya tashi aiki. Idan wata safiya inji ya cije ya ƙi juyawa, kada ka sa yara su tura. Kira bakanike.

Waɗansu kanikawa za su ce a toshe hanyar da faranti a huta. Ka sani, a motoci da yawa kwamfutar inji takan kunna fitila ta rage ƙarfin mota, gubar da ke fita ta ƙaru, kuma in gefe ɗaya kawai aka toshe, ruwan zai ci gaba da zuba ta salansa. Gyaran gaskiya shi ne a canja kular, a wanke hanyoyin ruwa tas. In ta hannu za ka saya, a gwada ta cikin ruwa a gabanka kafin ka biya.

Bayan gyara, ka riƙa zuba ruwan lagireto mai launi na galan, ka canja matatar iska a kan kari, ka sayi mai inda ka amince. In ka sauke lodi, bar inji ya yi minti biyu ko uku kafin ka kashe. Kada kuma ka buɗe murfin lagireto da zafi, jama'a da yawa sun ƙone ta haka. Rigakafi dai ya fi magani.

To jama'a, nan za mu dasa aya. A ci gaba da aiko mana da wasiƙu. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya kai kowa gida lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.