Zubi Biyar Na Turancin Yau Da Kullum

Jawabi ga ɗaliban ajin manya da suka fara karatun Turanci

 

Yawancinku kun iya karatun Hausa, kun kuma soma shiga Turanci. Kukan da aka fi yi shi ne kalmomin sun yi yawa, ba za su haddatu ba. Gaskiya ne suna da yawa. Amma ba sai mutum ya haddace ƙamus zai amfana ba. Kalmomin Turanci ba a jera su barkatai. Suna da zubi, wato yadda ake jera su, kuma zubin kaɗan ne, shi ake ta maimaitawa. Kamar aikin tela ne: yankan riga ɗaya ne, yadi ne ke sakewa.

Turanci ne harshen hukuma a Nijeriya da Gana. Da shi ake rubutu a kwalin magani, da buhun taki, da kwalbar maganin ƙwari, da takardar banki. Kuskuren fahimtar kalma ɗaya a irin waɗannan wurare yana iya jawo asarar kuɗi, ko ya taɓa lafiyar yaro. Saboda haka yau za mu duba zubi biyar.

Zubi na 1: Wa ya yi, me ya yi, wa aka yi wa

Ana fara faɗin mai aiki, sannan aikin, sannan abin da aikin ya faɗa wa. "Musa bought a goat", wato Musa ya sayi akuya. Kun ga jerin daidai yake da namu. Bambancin kawai shi ne mu mukan sa "ya" ko "ta" bayan suna, Turanci kuwa ba ya sawa. Ba a cewa "Musa he bought".

Ku kula da wanda ya zo farko. "Musa paid Audu" na nufin Musa ya biya Audu. "Audu paid Musa" kuwa Audu ne ya biya. Kalmomin ba su sake ba, amma kuɗin ya sake hannu. Kafin ku sa hannu a takardar bashi ko ta ciniki, ku duba sunan wa ke gaba.

Zubi na 2: Adadi da mai abu su ke shiga gaba

A nan Turanci ya juya mana baya. Mu mukan ce buhu biyu, su kuma "two bags". Adadi ne farko. In abu ya wuce ɗaya, galibi sai a ƙara harafin s a ƙarshe: "one bag", "ten bags". Akwai 'yan kaɗan da ba su bi wannan hanya ba, kamar "child", yaro, da "children", yara.

Haka ma mai abu. Mu mukan ce gonar Musa, su kuma "Musa's farm". Wannan zai yi muku amfani wajen cika fom. "Name" suna ne. Amma "Father's name" sunan mahaifi ake nema, ba naka ba. "Husband's name" kuma sunan miji.

Zubi na 3: Umarni da hani

In kun ga zance ya fara da kalmar aiki, to umarni ne. Ga shida da za ku riƙa gani kullum: "take", sha ko ɗauki, "shake", girgiza, "mix", gauraya, "keep", ajiye, "wash", wanke, "sign", sa hannu. Misali, "Shake well before use", a girgiza sosai kafin a yi amfani da shi. "Wash hands after use", a wanke hannu bayan an gama.

Hani kuwa yana farawa da "do not", wato kada. "Do not swallow", kada a haɗiye. Duk inda idonku ya faɗa kan "not", ku dakata, domin ita ce ke juya magana. "For children" na yara ne. "Not for children" ba a ba yara. A allon gefen hanya ko gidan mai kuma za ku ga "No smoking", ba a shan taba, ko "No parking", ba a ajiye mota.

Sai dai akwai wata "No." mai ɗigo a bayanta. Wannan ba hani ba ce, lamba take nufi. Ita ce kuke gani a kwalin magani inda aka rubuta "NAFDAC Reg. No.", wato lambar rajista daga hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1993.

Zubi na 4: Guda nawa, sau nawa, yaushe

Wannan shi ya fi kowanne muhimmanci, ku buɗe kunne. Ga misali: "Take one tablet three times a day after meals." Mu yanka shi gida huɗu. "One tablet", ƙwaya 1. "Three times", sau 3. "A day", a kowace rana. "After meals", bayan cin abinci. Adadin da ke gaban "tablet" shi ne yawan ƙwaya. Adadin da ke gaban "times" shi ne sau nawa. Wanda ya rikita su zai haɗiye ƙwaya 3 a lokaci ɗaya.

Sau 1 da sau 2 suna da nasu kalmomi: "once" da "twice". "Before" kafin ne, "after" bayan. "For 5 days" na nufin har kwana 5.

Ku bambance "4 times a day" da "every 4 hours". Na farko sau 4 ne a rana. Na biyu kuwa duk bayan awa 4 ne, kuma da yake dare da rana awa 24 ne, zai iya kaiwa sau 6. Adadi ɗaya, ma'ana biyu.

A kwalbar maganin feshi za ku ga "per", wato a kowane. "Per litre", a kowace lita. "Per hectare", a kowace hekta. "Use before" ko "Exp." kuma suna nuna lokacin da aikin magani ke ƙarewa. In an rubuta "Exp. 08/2030", watan 8 ne na shekarar 2030.

Zubi na 5: Kalma da abokiyar tafiyarta

Mu Hausawa mukan ci tuwo, mu ci kasuwa, mu ci bashi, mu ci jarrabawa. Baƙon da ya san "ci" ta abinci kaɗai zai sha mamaki. To, Turanci ma haka yake. "Look at" duba ne. "Look for" nema ne. "Look after" kula da abu ne. "Turn on" kunna, "turn off" kashe. Ƙaramar kalmar da ke biye ita ce ke riƙe da ma'ana.

Kuma ba a ɗauko zubin Hausa a kai Turanci kai tsaye. Mu da "sha" ɗaya muke shan ruwa da magani da taba. Su kuwa sukan ce "drink water", "take medicine", "smoke". Saboda haka kada ku koyi kalma ita kaɗai. Ku koye ta tare da abokiyarta. "Keep out of reach of children" ku riƙe shi a dunƙule: a ajiye inda hannun yara ba zai kai ba. "For external use only" shi ma haka: a bayan jiki kawai ake amfani da shi, ba a sha.

Aikin gida

Kowa ya nemi kwalin magani da ya ƙare, ko tsohon buhun taki. Ya kwafi layi ɗaya cikakke a littafinsa, ya rubuta Hausarsa a ƙasa. Sannan ya sake kalma ɗaya kawai: "two bags", "five bags", "five goats". Ku sa wanda ya iya ya karanta muku da ƙarfi, domin Turanci sau da yawa rubutunsa daban, faɗarsa daban. Layi ɗaya a rana ya isa, a wata kun sami 30.

In abin ya shafi magani ko feshi kuma kuna shakka, kada ku yi cinta. Ku kai wa ma'aikacin lafiya ko malamin gona ya duba. Matambayi ba ya ɓata.

 Allah ya ba mu sa'a.