Wa Ke da Ikon Sa Kuɗin Fito? Hukuncin Kotun Ƙolin Amurka da Halin Kasuwannin Batsari da Safana

Mai girma shugaban wannan zama, iyayenmu masu riƙe da sarauta, malamaina, da 'yan kasuwa da manoman da suka bar harkokinsu suka halarta, ina gaishe ku gaisuwar ban girma.

Maganar da zan yi ta taso ne daga Amurka, amma ba zan daɗe a can ba. Ranar 20 ga Fabrairu, 2026, Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukunci cewa wata dokar ta-ɓaci ta 1977 ba ta ba Shugaba Donald Trump ikon ɗora kuɗin fito kan kayan da ake shiga da su Amurka ba. Alƙalai 6 suka tsaya a kan haka, 3 suka saɓa. Da waccan doka ce ya yanka wa kusan dukkan ƙasashen duniya haraji a watan Afrilun 2025. Najeriya kashi 14 cikin ɗari aka fara yanka mata, zuwa watan Agusta ya koma 15. Masu ƙarar kuwa ƙananan 'yan kasuwa ne, cikinsu har da wani kamfani mai sayar da kayan wasan koyon karatu na yara, Learning Resources, sai jihohi 12. Akasarinsu sun yi nasara a kotun cinikayya ranar 28 ga Mayun 2025, suka sake yi a kotun ɗaukaka ƙara ranar 29 ga Agusta, kana Kotun Ƙoli ta rufe magana.

Hujjar ba ta da wuyar fahimta. Kundin tsarin mulkin Amurka majalisa ya ba ikon sa haraji. Dokar 1977 ta yarje wa shugaba ya tsara shige da ficen kaya idan an shiga halin ta-ɓaci, amma ko sau ɗaya ba ta ambaci kuɗin fito ba. Cikin alƙalan da suka bi bayan alƙalin alƙalai John Roberts har da biyu da Trump ya naɗa da hannunsa, Neil Gorsuch da Amy Coney Barrett. Trump ya fito ya caccake su a bainar jama'a. 'Yan adawa na Dimokurat suka yi ta murna suna neman a mayar wa mutane kuɗinsu, wasu 'yan jam'iyyarsa ma, irin su Sanata Rand Paul da ya daɗe yana sukar harajin, ba su ɓoye jin daɗinsu ba. Abin da na fi so mu lura da shi dai shi ne abin da Trump ya aikata bayan faɗan. Bai ce ba zai bi hukunci ba. Komawa ya yi ga wata doka ta 1974 ya sa kashi 10 cikin ɗari, ita kuwa wannan dokar wa'adin kwana 150 ta yanka, in ana son ƙari sai majalisa ta amince.

Duk wanda ya ji wannan labari a rediyo a Batsari ko Safana, abin da zai fara zuwa bakinsa shi ne: ina ma a nan ne. Yana da dalili. Mu ba a takarda muke karanta kuɗin fito da rufe iyaka ba. Jibiya maƙwabciyarmu ce, daga Magama ka tsallaka Ɗan Isa ka shiga Maraɗi. Geron da ake aunawa da tiya a kasuwanninmu, da waken da ake lodawa, da dabbobin da ake korowa, da man da ake zuba wa babur, farashinsu duka yana jin motsin waccan iyaka.

Dattawan da ke zaune a nan sun tuna 1984. A watan Afrilun shekarar gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa tare da canjin kuɗi, ba a buɗe ba sai 1986 zamanin Babangida. Abin ya haɗu da fari, har 'yan'uwanmu na ƙasar Maraɗi suka raɗa wa yunwar wancan lokaci suna El-Buhari. Wannan mulkin soja ne, ba wanda ya yi zancen kotu. To amma a watan Agustan 2019 farar hula ke mulki, akwai majalisa, akwai kundin tsarin mulki, aka wayi gari an rufe iyakokin tudu ba tare da sanarwa ba, wata guda da 'yan kwanaki bayan Najeriya ta sa hannu a Yamai kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka. Motoci suka tsaya da kaya, abin da ke ruɓewa ya ruɓe. A watan Nuwamba hukumar kwastam ƙarƙashin Kanar Hameed Ali ta hana kai mai gidajen man da ke tsakanin kilomita 20 da iyaka, kasuwar 'yan bumburutu ta buɗe. A watan Disambar 2020 aka buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum. Jibiya, a jihar Shugaba Buhari, sai Afrilun 2022 aka ba da umarnin buɗe ta a hukumance. Ba a jima ba juyin mulkin Nijar ya zo a Yulin 2023, aka sake garƙamewa da sunan takunkumin ECOWAS, sai Maris na 2024 Shugaba Tinubu ya ce a buɗe ɓangarenmu.

Ban ce rufewar 2019 ba ta amfani kowa ba. Masu noman shinkafa sun ga kuɗi, an kakkafa injinan casa a Kano da Kebbi da Jigawa. Amma hauhawar farashi da take kusan kashi 11 cikin ɗari a watan da aka rufe ta kusa kai 16 a watan da aka fara buɗewa, shinkafa 'yar waje kuma ba ta daina shigowa ba, hanya kawai ta canza, ta koma bayan babura ta cikin daji, kowane shinge da nasa rabon. A yankin da ke fama da dajin Rugu, ƙara wa hanyoyin ɓoye daraja ba ƙaramin ganganci ba ne. Ku tuna kuma cewa a Satumbar 2021, a kan wannan duka, gwamnatin jiha ta hana cinikin dabbobi a kasuwanninmu da sayar da mai a jarka saboda tsaro, aka kuma katse layukan waya.

Sai kuma aka juya akalar. A Yulin 2024, farashin abinci ya haura da sama da kashi 40 cikin ɗari a shekara guda, ministan noma Abubakar Kyari ya sanar da ɗage kuɗin fito na kwana 150 kan masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba. Yunwa gaskiya ce, zanga-zangar Agustan shekarar shaida ce, kuma mai saye da tiya ya samu sauƙi daga baya. Amma ku dubi watan. Yuli ne. Manomin Wagini ko Runka ya riga ya shuka, ya ci bashin taki, wani ma da kasadar ransa ya je gonar. Ba wanda ya gaya masa tun bazara cewa masararsa za ta yi gogayya da ta jirgin ruwa. Sharuɗɗan cin moriyar rangwamen kuma sun fi dacewa da manyan kamfanoni masu injinan casa da niƙa. A 2025 farashin hatsi ya faɗi, na taki bai bi shi ba, kowa a ɗakin nan ya san buhun masara nawa ake sayarwa kafin a ɗauki buhun taki ɗaya. Shekara biyar tsakani, an hana shigowa kwatsam, an buɗe shigowa kwatsam, kuma duka biyun ba a yi muhawararsu a matsayin doka a zauren majalisa ba.

Yanzu ga tambayar: da manoman Batsari ko dillalan Safana za su haɗa kuɗi su ɗauki lauya kamar 'yan kasuwar Amurka, za su ci? A ganina da wuya, kuma dalilin ba lalacin alƙalai ba ne kamar yadda muke saurin cewa.

A rubuce, tsarinmu bai bambanta da nasu ba. Kundin 1999 ya sa kuɗin fito cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka, sashe na 59 kuma ya shimfiɗa yadda ake zartar da ƙudurin da ya shafi sa haraji ko ƙara shi. Matsalar tana cikin dokar kuɗin fito ta 1995, wadda asalinta dokar soja ce ta zamanin Abacha. Sashe na 13 nata ya ba shugaban ƙasa damar ya sa, ya canza, ko ya cire kuɗin fito da umarni kawai. Da aka dawo mulkin farar hula, sashe na 315 na kundin ya ɗauki irin waɗannan dokoki ya mai da su tamkar majalisa ce ta yi su. Trump ya faɗi ne don ya nemi iko a inda majalisa ba ta rubuta ba. Namu shugaban kuwa an rubuta masa baro-baro. Alƙali zai buɗe littafi ya ga ikon a zaune. Saboda haka idan muka tsaya zagin kotu, ko zagin ɗan kwastam ɗin da ke kan shinge, mun bar jaki muna dukan taiki.

Ba wai kotunmu ba ta taɓa taka wa shugaba burki ba. Ku tuna rikicin canjin kuɗi na 2023, kuma ƙauyukan da ba banki sun fi kowa ɗanɗana shi, lokacin da mutum zai kai akuya kasuwa ya rasa mai tsabar kuɗin saye. Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara, Katsina ƙarƙashin Gwamna Aminu Bello Masari ta bi sahu. Ranar 8 ga Fabrairu Kotun Ƙoli ta ba da umarnin a dakata. Ranar 16 Shugaba Buhari ya yi jawabi ya ce tsohuwar naira 200 kaɗai ya yarda a ci gaba da karɓa. Ranar 3 ga Maris kotu ta yanke hukunci, Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta, cewa ba a ba jama'a isasshen lokaci ba, ba a kuma yi shawarar da ta kamata ba, tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara. Sai da aka yi kwana goma Babban Banki ya ce ya bi. Abu biyu nake ɗauka daga nan. Na farko, gwamnoni ne suka kai ƙara, akasarinsu 'yan jam'iyyar shugaban, ana gab da zaɓe. A rufe iyaka na 2019 ba gwamnan da ya ga nasa zaɓen na cikin haɗari. Na biyu, kuma shi ya fi amfani gare mu, kotu ta amince cewa ko da shugaba yana da iko, rashin sanarwa da rashin shawara na iya ɓata aikinsa. Wannan ƙofa ce da lauyoyin da ke cikinmu ya kamata su gwada a kan batun kuɗin fito.

Akwai kuma wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya. A Oktoban 2025 shugaban ƙasa ya amince da kuɗin fito na kashi 15 cikin ɗari kan fetur da dizal da ake shigowa da su, kafin tsakiyar Nuwamba aka jingine. Cajin kashi 4 cikin ɗari na kwastam an fara shi a Fabrairun 2025, aka dakatar, aka dawo da shi a Agusta, aka sake dakatarwa a Satumba. Me ya sa ake saurin janyewa? Saboda masu masana'antu da dillalan mai suna da ƙungiyoyi, suna da lauyoyi, suna da lambar wayar minista. A ƙasarmu burkin shugaba ba doka ba ce, ƙarfin muryar wanda abin ya taɓa ne. Hana mai a kilomita 20 kuwa, majalisa ta yi ƙudurin roƙo a janye tun 2019, amma ƙudurin roƙo ba doka ba ne, shi ya sa aka shekara da shekaru ana fama.

Ba na goyon bayan a ƙwace ikon gaba ɗaya daga hannun shugaba. Ƙasar da fari ko ambaliya ko annobar dabbobi za ta iya afka wa cikin mako guda tana bukatar wanda zai yi hanzari, majalisarmu kuma kun san tafiyarta. Abin da nake nema a yi wa sashe na 13 gyara ne, ya zama duk umarnin da ya canza kuɗin fiton abinci ko ya hana shigowarsa yana da wa'adi, in ya cika ya mutu da kansa sai fa majalisa ta sabunta shi da ƙuri'ar da za a san wa ya ce e, wa ya ce a'a. A kuma wajabta buga dalili da lissafin wanda zai ci riba da wanda zai yi asara. In ba halin gaggawa na zahiri ba, canjin da ya shafi hatsi a sanar da shi kafin ƙarshen Maris, manomi ya san abin da zai zuba a ƙasa kafin ruwan farko.

Wannan aikin ɗan majalisa ne, kuma muna da su: mai wakiltar Batsari da Safana da Ɗanmusa a Majalisar Wakilai, da sanatan Katsina ta Tsakiya. Ina ba da shawarar wannan zama ya kafa ƙaramin kwamiti, lauya ɗaya da wakilan manoma da na 'yan kasuwar hatsi da na dabbobi, su rubuta daftarin gyaran, a miƙa wa su biyun a rubuce, a aika kwafi ga takwarorinsu na Jibiya da Kaita da Mai'aduwa da Illela da Maigatari, a kuma nemi amsa kafin a fara yawon neman ƙuri'ar 2027.