Wa Ke Naɗa Limamin Coci? Rikicin Ingila da Sikotlan da Inuwarsa a Ƙasar Hausa



A cikin watan Maris na shekarar 1824 wani Bature, Hugh Clapperton, wanda mutanenmu suka sani da sunan Abdullahi, ya isa Sakkwato ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A cikin tambayoyin da Bello ya yi masa har da ta ɗariƙarsa a cikin Nasara, ya ma ambata masa sunayen waɗansu tsofaffin ƙungiyoyin Kirista waɗanda ya sani daga littattafan Larabci. Baƙo ya rasa ta cewa, sai ya amsa a gajarce cewa su 'yan Furotesta ne. Amsar gaskiya ce, amma ba ta ƙoshi ba, domin shi Clapperton mutumin Annan ne a ƙasar Sikotlan, Gwamnatin da ta aiko shi kuwa tana Landan, kuma waɗannan ƙasashe biyu, ko da yake Sarkinsu ɗaya tun 1603, Majalisarsu ɗaya tun 1707, ba su taɓa yarda da tsarin coci ɗaya ba. Abin da ya raba su shi ne abin da nake so mu duba yau, watau wa ke da ikon naɗa shugaban ibada: Sarki ko jama'a?

Na Ingila ba shi da wuyar bayani. A shekarar 1534 Sarki Henry na Takwas ya ɓata da Fafaroma a kan maganar sakin matarsa, Majalisa ta yi doka ta mai da shi shugaban cocin ƙasar. Bishof-bishof suka zauna daram, sai dai naɗinsu ya koma fada. Har yau da sunan Sarki ake naɗa su, kuma an keɓe wa 26 daga cikinsu kujeru a Majalisar Dattawan ƙasar.

A Sikotlan kuwa daga ƙasa abin ya taso. A shekarar 1560 wani mai wa'azi, John Knox, da magoya bayansa suka sa Majalisar ƙasar ta kakkaɓe hannun Fafaroma, kana a hankali aka kafa tsarin da ba bishof a cikinsa. Kowace majami'a tana da dattawanta, dattawa su haɗu a gunduma, gunduma ta aika wakilai babban taron shekara. Da Sarki Charles na Ɗaya ya ɗora musu littafin addu'a irin na Ingila a 1637 sai tarzoma ta ɓarke a babban cocin Edinbara, shekara na zagayowa dubban mutane suka sa hannu a takardar alkawarin kare addininsu. Yaƙe-yaƙen da suka biyo baya su suka kai ga sare kan Sarkin a 1649. Sai a 1690 aka tabbatar musu da tsarin dattawa.

To, amma tsugunne ba ta ƙare ba. A 1712 Majalisar Landan ta mayar wa masu manyan filaye ikon zaɓar wa ƙauye limaminsa, ko jama'a suna so ko ba sa so. An yi fiye da shekara 130 ana gunaguni. Ran 18 ga watan Mayu 1843, ana cikin babban taron shekara a Edinbara, wani ɓangare ya miƙe ya fice, Thomas Chalmers yana cikin jagororinsu. Limamai fiye da 450, cikin kimanin 1,200, suka bar albashi da gidajen da aka ba su, suka kafa coci mai zaman kansa wanda ba ya cin ko anini na hukuma. Ina roƙon ma'aikatan da ke zaune a nan su ƙiyasta wannan a ransu: magidanci da iyali, ya ajiye albashi da gidan Gwamnati rana ɗaya, saboda ya ƙi a naɗa wa jama'a wanda ba su zaɓa ba. Chalmers ya tsara asusu wanda talaka zai riƙa zuba ɗan abin da ya samu kowane mako, cikin 'yan shekaru suka gina majami'u fiye da 700. A wani ƙauye mai suna Strontian mai ƙasa ya hana su fili, sai suka tara kuɗi aka ƙera musu coci na ƙarfe mai yawo a kan ruwa, aka girke shi a bakin teku a 1846, suna shiga kwale-kwale su je ibada.

Wannan muhawara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Mun tashi mun tarar Sarki ke naɗa limamin Juma'a, mun kuma ga yadda bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 jama'a suka shiga gina masallatansu da kuɗinsu, suna tsai da nasu limamai. Ban ce abu ɗaya ba ne, amma tambayar ɗaya ce.

Yanzu mu dawo gida. Cocin mutanen Sikotlan bai zo Arewa da sunansa ba. Kalaba ya sauka a 1846. Wanda ya fara ƙwanƙwasa ƙofar ƙasar Hausa da gaske shi ne na Ingila, ta hannun ƙungiyar CMS. A 1900 Bishof Tugwell da jama'arsa suka shiga Kano, Sarki Alu ya ba su 'yan kwanaki su fita, suka koma Girku a ƙasar Zazzau. Mutum zai zaci da Turawa suka ci ƙasa sai cocin Sarkin Ingila ya sami gindin zama. Akasin haka aka yi. A Sakkwato a 1903 Gwamna Lugga ya yi alkawari ba za a taɓa addinin Musulunci ba, Razdan-Razdan kuwa suka riƙe alkawarin fiye da yadda 'yan mishan suka so. Likita Mila ya zauna a birnin Zariya tun 1905 yana ta jayayya da su, har a 1929 aka mai da mishan ɗin Wusasa, bayan ganuwa. A can aka gina coci da ƙasa, ginin Hausawa sosai. Wannan ƙaramar al'umma ita ta ba Arewa likitanta na farko, Dokta R. A. B. Dikko, a Wusasa kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi. Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda Mila ya yi babban aiki a fassararsa, ya fito a 1932.

Ɗaya hanyar ta zo ne da samari uku da suka sauka Ikko a 1893, ba Sarki ba bishof a bayansu: Walter Gowans, ɗan asalin Sikotlan daga Kanada, da Rowland Bingham, haifaffen Ingila, da Thomas Kent na Amurka. A 1894 Kent ya mutu a Bida, Gowans kuma a Girkun nan da muka ambata. Bingham ya tsira, ya kafa ƙungiyar da aka sani da SIM. Ba reshen cocin Sikotlan ba ce, gama ta tara mutane daga ɗariƙu iri iri, amma a ganina jinin 1843 yana cikinta: kuɗi daga aljihun masu bi, mulki a hannun dattawa. Ta shiga ƙasar Kano, wadda a lokacin Dutse da Kiyawa ke ƙarƙashin En'enta, ta ƙofar magani. A 1937 ta karɓi aikin kula da kutare bisa yarjejeniya da En'e-En'e, kamar a Yadakunya ta Kano da Babbar Ruga ta Katsina da Amanawa ta Sakkwato, a 1943 ta buɗe asibitin ido na Kano, ta kuma kafa makaranta a Roni. Galibin waɗanda suka bi ta a karkara Maguzawa ne. A 1954 majami'unta suka haɗu suka zama ECWA.

Saboda haka jami'in ƙaramar hukuma da aka kawo wa maganar fili ko makabarta ko makaranta, a Kiyawa ne ko a Dutse, ya kyautu ya fara tambayar wane coci ne. In na Angilika ne, magana tana hawa ne zuwa ga bishof, kuma tun 1996 akwai kujerar bishof a Dutse. In na ECWA ne, fasto shi kaɗai ba ya yanke hukunci, sai dattawa sun zauna, wani lokaci ma sai an kai ga majalisar gunduma. Jami'in da ya tsaya jiran amsa daga bakin mutum ɗaya zai daɗe yana jira.