Hawan Dutse Lokacin Hayaƙin Gobarar Daji

A watan Agusta na 2020 aradu ta faɗa a hamadar Mohabe, cikin Jihar Kaliforniya ta Amurka, wuta ta cinye fiye da eka 40,000 kusa da ɗan dutsen Tutoniya, wanda mutane kan hau don yawon shan iska. Mai hawan dutse numfashi ya ke yi da ƙarfi, saboda haka ya fi na zaune shaƙar hayaƙi. Ƙwayoyin hayaƙi kuwa ƙanana ne ƙwarai, rawani ba ya tare su, har cikin huhu su ke shiga. Masu fuka da tsofaffi su ne farkon jigata. In hayaƙi ya rufe kan dutse, mai hankali sai ya fasa tafiya. Dutse ba ya gudu, gobe ma rana ce.