Jawabin Kwamitin Ayyuka Kan Rufin Zauren Taronmu



Damina uku ke nan zauren taron da muka gina da guminmu yana yoyo. Kakanninmu sun san maganin rufin soro: makuba daga ɓawon ɗorawa, laso daga katsin marina, ga indararo mai zubar da ruwa nesa da bango. Mu da muka zuba kankare muka ɗauka mun huta, ashe zafin rana na buɗa shi, sanyin hunturu na tsuke shi, har ya tsage.

Shawararmu ita ce a yi masa shimfiɗar roba da ake kira EPDM, wadda aka fara rufi da ita a Amurka a shekarun 1960, daga baya har motocinsu masu ɗakin kwana aka riƙa rufewa da ita. Tana miƙewa tare da ginin ba tare da ta yage ba. Sai dai zaɓenta na son lura. Akwai mai kaurin milimita 1.1, akwai mai 1.5, ta biyun muke so, domin mun san mutanenmu da hawa soro shanyar kuɓewa. Baƙa na zuƙar zafi, saboda haka fara ce daidai da bazararmu, ko da ta fi tsada. Fetur da baƙin mai kuwa suna kumbura ta, kada wani ya ɗora janareta a kanta.

Kafin kwabo ya fita daga asusunmu, wajibi ne magini ya gyara gangaren rufin tukuna, domin inda ruwa ya kwanta, ta mahaɗar shimfiɗar yake samun hanya.