Yarinyar da Ta Bayyana Sau Biyu a Bargo Ɗaya



Zancena a yau a kan wata malamar makaranta ne, Faith Ringgold, baƙar fatar Amurka da aka haifa a unguwar Harlem ta birnin New York a 1930, ta rasu a 2024. Ta yi shekaru tana koyar da zane a makarantun gwamnati. Mahaifiyarta tela ce, tare suka ɗinka bargonta na farko a 1980. Da masu buga littattafai suka ƙi karɓar tarihin rayuwarta, sai ta koma rubuta labari a jikin bargo, ta zana mutane a tsakiya, ta kewaye su da ƙyallaye.

Wanda ya fi shahara shi ne Tar Beach, na 1988, wato gaɓar kwalta. Haka talakawan birnin ke kiran rufin bene da aka shafe da kwalta, inda ake hawa shan iska idan zafi ya tsananta. Manya na zaune a teburi suna karta, ga shanya a igiya. Yarinya 'yar shekara 8, Cassie, tana kwance a shimfiɗa da ƙanenta, tana kallon sama. Idan ka ɗaga ido kuma, ga ita nan dai tana shawagi bisa gadar George Washington.

A ganina gwanintar tana nan. Mutum ɗaya a wuri biyu, ɗaya inda take, ɗaya inda take son kaiwa. Yaron da bai iya haɗa baƙi ba zai karanta wannan tsaf, in dai an tambaye shi: wa ke kwance, wa ke tashi, me ya sa? Darasin ba ya bukatar komai sai ragowar yadin tela da allura.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. A cikin labarin, wanda ya zama littafin yara a 1991, mahaifin Cassie ma'aikacin gini ne da ya yi aikin gadar nan, amma ƙungiyar ƙwadago ta hana shi shiga, wai don mahaifinsa ba ɗan ƙungiya ba ne. Ainihin dalilin kuwa launin fatarsa ne. Shi ya sa yarinyar ta ƙudura ta tashi bisa ginin ƙungiyar, ya zama nata, ta ba mahaifinta.

Ina roƙon reshenmu ya duba malaman wucin-gadi da ke riƙe mana azuzuwa ba su cikin rajistarmu, a sa maganarsu a zama na gaba.