Kwalbar Kurkure Baki da Kwanon Abinci: Wanne Ke Tsare Haƙori?

 

An nemi in yi magana a kan ruwan nan na kwalba, kore ko shuɗi, da ake sayarwa a kemis don kurkure baki: yana da amfani, ko kuwa asarar kuɗi ce? Yana da amfani, amma ga wasu mutane, na wani ɗan lokaci. Abin da ke kashe haƙori ko ya raya shi a wannan yanki namu na Zamfara ya fi yawa a cikin kwano da kofi.

Babu tsutsa a cikin haƙori, duk da abin da masu magani ke faɗa a kasuwar Talata. Abin da ke akwai shi ne wata dauɗa mai yauƙi da ke manne wa haƙori, cike da ƙwayoyin cuta. Da zarar siga ya shiga baki, ƙwayoyin nan su ci, su fitar da tsami mai zaizaye ɓawon haƙori. Cikin 'yan mintoci tsamin ke hawa, kuma yawu kan ɗauki rabin awa zuwa awa guda kafin ya kwantar da shi. Idan dauɗar ta daɗe a gindin haƙori, dasashi ya kumbura, ya fara jini. Duk matar da ta taɓa wanke tukunyar tuwo ta san ɗauraya ba ta fid da ƙanzo, sai an kankare. Buroshi da asuwaki su ne masu kankarar. Ruwan kwalba ɗauraya ce.

Kwalaben ma ba iri ɗaya ba ne. Akwai na ƙamshi kawai, da ke rufe warin baki na ɗan lokaci. Akwai mai sinadarin fuloraid, wanda ke ƙarfafa ɓawon haƙori, yana kuma taimakon mai yawan samun kogo. Sai mai kulohekzidin, wanda shi magani ne na gaske: likita kan rubuta shi bayan an cire haƙori ko dasashi ya kumbura ƙwarai, na mako ɗaya ko biyu. Wanda ya mai da shi na kullum zai ga haƙoransa sun dafe, musamman in mashayin shayi ne, abinci kuma ya sauya masa ɗanɗano. Yaron da bai kai shekara shida ba ba a ba shi ko wanne, don haɗiyewa zai yi. Wasu kwalaben kuma akwai barasa a haɗinsu, sai mai saye ya karanta jikin kwalba, tunda akwai waɗanda babu.

Wani kuskure da 'yan boko suka fi kowa yi: mutum ya goge baki da makilin, nan take ya bi da ruwan kwalba. Ya wanke fuloraid mai ƙarfi da ke cikin man, ya maye gurbinsa da mai rauni. In an goge, a tofar kawai, a bar sauran ya yi aikinsa.

Yana da kyau ɗalibai su san inda wannan kasuwa ta samo asali. Listerine, wanda ya fi kowanne suna, an haɗa shi a Amurka a 1879 a matsayin maganin kashe ƙwayoyin cuta wajen tiyata. Sai a shekarun 1920 masu shi suka shiga talla suna tsorata mutane da warin baki, cewa shi ke hana budurwa miji, ya hana saurayi aiki. Kunya suka sayar, ta kuwa sayu. Alhali warin baki yawanci daga bayan harshe yake, ko ruɓaɓɓen haƙori, ko ciwon dasashi. Turare ba ya warkar da ko ɗaya.

Mu dawo kan kwano. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sigan da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu a rana. Ga baligi, wajen giram 50 ke nan, ƙaramin cokali 12, in ya yi rabin haka ma ya fi. Gwangwanin lemo ɗaya na ɗauke da wajen giram 35. Ku lissafa da na mai shayi, da na koko, da wanda yanzu ake zambaɗa wa fura da zoɓo. Gwamnatin Tarayya ta sa harajin naira 10 a kan kowace litar lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021, amma wa naira goma ta hana shan lemo?

Yawan sigan ma bai kai yawan lokutan shansa ɓarna ba. An tabbatar da haka a asibitin Vipeholm na ƙasar Suwidin tsakanin 1945 da 1953, inda aka riƙa ba masu taɓin hankali alewa mai danƙo tsakanin abinci da abinci har haƙoransu suka lalace. Zalunci ne, ba a kuma yarda a sake irinsa ba, amma darasin ya tsaya: sigan da aka sha tare da abinci bai kai wanda ake tsotsa wuni zubur lahani ba. Yaron da ake ba naira hamsin ya sayi alewa da safe, da tara, da azahar, bakinsa ba ya fita daga tsami. Raken fadamar Bakolori ma siga ne, ko da daga gona ya fito. A sha shi a zama ɗaya, a bi da ruwa.

Wannan duk matsalar mai abin saye ce. Akwai ta wanda ba shi da shi, kuma ita ta fi tayar mini da hankali. Cutar noma, wadda mutanenmu ke kira ciwon iska, tana kama yara ne galibi 'yan shekara biyu zuwa shida, waɗanda tamowa ta raunana, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Da kumburin dasashi take farawa, irin wanda ake rainawa. Sai wari mai tsanani, sai kunci ya kumbura, cikin 'yan kwanaki nama ya mutu, ya ɓule har waje. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tara cikin goma na yaran da ba a yi wa magani ba suna rasuwa. A Disamban 2023 ta sa cutar cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, Nijeriya ce kuma ta jagoranci neman hakan. Asibitin yara masu wannan cuta yana Sakkwato tun 1999, a ƙarshen titin nan da ya ratsa garinmu, kuma Zamfara na cikin jihohin da majinyatansa ke fitowa.

Ku dubi halin da muke ciki. Madatsar Bakolori, da aka kammala a 1978, an gina ta ne don ta shayar da gonakin Mafara da Bakura da Maradun. Yau ga magidanci da rashin tsaro ya raba da gonarsa, ga 'ya'yansa suna wuni a kan koko tsura. Bakin irin wannan yaro wake yake buƙata, da ƙuli-ƙuli, da nono, da ƙwai, da zogale, da tumatir da gwaiba masu hana dasashi jini, da allurar ƙyanda a kan lokaci. In kuɗin gida na abu ɗaya ne, ni dai ƙwai zan ce a saya. In ya kai na biyu, a ƙara da man goge baki mai fuloraid, a goge sau biyu a rana, na dare shi ne ba a tsallakewa. Asuwakin da muka gada, wanda addini ma ya kwaɗaitar a kansa, yana kankara sosai in an bi kowane haƙori ciki da waje, ba a tsaya ga na gaba ba.

Ga iyaye mata da ungozomomi da ma'aikatan ƙananan asibitoci da ke nan: ku riƙa ɗaga leɓen yaro kuna dubawa, musamman wanda ya tashi daga ciwo. In an ga dasashi ja yana jini, a jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi da ɗan gishiri a goge masa, a ƙara masa abinci, a nuna wa ma'aikacin lafiya. In ga wari ga kumburin kunci, kada a tsaya hayaƙi ko tofi kaɗai, kada a jira ranar kasuwa. A kai shi asibiti a ranar, domin a wannan mataki maganin kashe ƙwayoyin cuta yana tsayar da cutar noma kafin ta ci fuska.